Hannun Halilu Maƙeri

Halilu maƙeri ya faɗi ne a gaban wutarsa, da hantsi, ana dab da saukar damina. Lokacin ne duk manomin da ke garin Sarkin Hausa da ƙauyukan kewaye yake tuna cewa hauyarsa ta cinye, don haka rumfar cike take da masu jira. Ƙanensa Mas'udu ne ke kan zugazugi. Halilu ya ɗaga masaba zai sauke ta kan jan ƙarfe, sai ta sulluɓe ta faɗi bayansa. Ya juya zai ɗauka, ƙafar dama ta ƙi bin sa, ya tafi gaba ɗaya ya zube cikin toka.

A amalanke aka kai shi bakin hanya, mota ta ƙarasa da shi asibitin Mayahi. Lokotoro ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta hau har ta taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Halilu bai taɓa sanin yana da wata tansiyo ba. Ya haura hamsin bai taɓa kwana a gadon asibiti ba. Ƙato ne mai faɗin ƙirji da gajeren haƙuri, in ya yi tsawa a maƙera har bakin rijiya ana jin sa.

Ƙafar ta dawo sannu a hankali, har yana jan ta da sanda. Bakin ma ya saki, sai ɗan nauyin da ya rage a harshe. Hannun dama ne ya ƙi. Ya lanƙwashe ya manne a ƙirji, yatsun suka dunƙule tamau, ko da ƙarfi aka ɓamɓare su sai su koma.

Ciwon bai ɓata mashi rai kamar masu zuwa gaisuwa ba. Su shigo su tsuguna, su ɗaga murya sai ka ce kurma ne, sannan su juya wajen matarsa Sa'a su tambaye ta, "Yana dai cin abinci?" alhali ga shi zaune yana kallonsu. Mazan gidan kwano ɗaya suke ci a zaure, shi kuwa ba zai sa hannun hagu cikin tuwon jama'a ba, sai ya koma cin nasa a ɗaki da cokali, miya na zuba a gaban riga. Ranar da Sa'a ta karɓi cokalin za ta ba shi a baki, ya make kwanon da hagu har ya daki bango. An yi ƙaho, an yi tsaga, an yi hayaƙi, an shafe hannun da mai iri-iri har ɗakin ya ɗauki wari. Hannun yana nan yadda yake.

Majon disfansar garin, wato babban ma'aikacin ɗakin shan magani, shi ne ya ba da labarin wata kine a Tasawa, irin ma'aikatan nan da ke gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa su. Ya ce tana da na'urar da ke tada jijiya da ɗan kuran, wato wutar lantarki. Zubairu, ɗan Halilu mai kabu-kabu, ya ɗora uban a bayan moto, ya ɗaure shi da rawani a ƙugunsa don kada ya zame. A haka suka ratsa tsakiyar gari, mutane na ɗaga hannu suna fatan sauƙi. Halilu ya sunkuyar da kai. Ji yake kamar buhun gero aka ɗauro za a kai kasuwa.

Kine ɗin sunanta Najiba, kuma ba ta girmi ɗiyarsa ta biyu ba. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata mashi rai.

"Sannu da hanya, Baba. Miƙo hannun."

"Da yana miƙuwa, me zai kawo ni nan?"

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ba shi haƙuri ba. Ta kama hannun ta yi ta jan sa a hankali har ya kwanta a kan tebur. Na'urar ba ta fi ƙaramar rediyo ba. Ta manna wasu faifai biyu masu danƙo a bayan hannun, tsakanin gwiwar hannu da wuyansa, ta murɗa wani ɗan abu. Halilu ya ji kamar tururuwa na tafiya can ƙarƙashin fata. Sai wuyan hannun ya ɗago. Yatsun suka ware ɗaya bayan ɗaya, har tafin ya bayyana.

"Allahu akbar!" in ji Zubairu. "Baba, ya buɗe!"

Halilu ya zuba wa tafin ido. Ya yi fari fat, ya jiƙe da gumi, kantar da masaba ta yi mashi shekara da shekaru ta yi laushi tana saɓulewa. Ya ɗago ya dubi Najiba.

"Kashe."

Ta kashe. Yatsun suka koma suka dunƙule.

"Wata da watanni ina roƙon hannun nan," in ji shi. "Na zage shi, na doke shi da ɗan'uwansa, bai ji ni ba. Ke kin murɗa ɗan abu ya buɗe maki kamar kare ya ga mai gidansa. To nawa ne ko naki?"

"Naka ne, Baba. Naman lafiyarsa lau, jijiyoyin ma suna nan. Hanyar da saƙo ke bi daga kai zuwa hannu ce ta yanke. Kuran yana tada jijiya, shi ke nan aikinsa. In kai ba ka yunƙura ka buɗe daidai lokacin da ya shiga ba, ƙwaƙwalwa ba za ta koyi wata hanya ba. In zuwa za ka yi ka zauna in yi maka, gara ka koma gida, kada ka ƙone wa ɗanka esansin moto a banza."

Tun da ya faɗi ba wanda ya yi mashi magana haka. Ya harare ta, ta harare shi.

"Kunna," ya ce.

Haka suka shiga zuwa Tasawa kowane mako. Ta kunna, ta ce "Yanzu!" shi kuma ya cije ya tura duk ƙarfinsa cikin yatsun har jijiyar wuyansa ta tashi. Ta ajiye mashi ƙwallon soso, ta ajiye kofin roba, ya kama, ya saki. Kamawar ba wuya, sakin ne tashin hankali. Yana yi yana zagin kofin, ita kuwa ko a jikinta, sai dai ta tambaye shi ko ya sha ƙwayar tansiyo. Wata rana, kafin ta kai hannu ga na'urar, wuyan hannun ya ɗan ɗago da kansa, kamar kaurin yatsa. Ya gani, ta gani.

"Wala, ka gani," ta ce a hankali. "Wannan ba ni ba ce."

A hanyar komawa Halilu bai zagi ramukan hanya ba, har Zubairu ya waiwayo ya duba ko lafiya.

Sai shekara ta zagayo, ruwa ya sauka. Aka yi shuka, ciyawa ta taso tare da gero. Duk ranar da Zubairu ya tafi Tasawa, gonarsa da ta uban sun kwana ba noma. Mas'udu kuma shi kaɗai a maƙera, shi ne ƙira, shi ne bin kasuwanni da hauyoyi.

Wata safiya ta ranar tafiya, Halilu ya yi wanka ya sa riga ya fito ƙofar ɗaki, sai ya ga Zubairu ya saɓa hauya ya fice ba tare da ya dube shi ba. Moton na jingine a inuwa. Kafin ya buɗe baki sai ga Mas'udu da kwali a hammata, yana fara'a.

"Yaya, yau Tasawa ce ta zo gida."

A kasuwar Gidan Amumune ya samo ta, wajen wani mai mota da lasifika. Na'ura ce ja, ta fi ta Najiba girma, faifanta na ƙarfe ne, da batirin moto take aiki. Mai motar ya ce tana maganin shanyewar jiki da sanyin ƙashi da ciwon baya, kuma irin ta asibiti wasan yara ce a gabanta.

"Wa ya ce na bar zuwa Tasawa?"

"Ai mun zauna jiya a zaure, ni da Zubairu da su Baffa. Muka ga..."

"Kun zauna."

"Yaya, damina ce. Kuma kuran ai kuran ne."

Halilu ya dubi Sa'a, ta kau da kai, ya gane ta sani. Ya so ya kifar da kwalin. Amma ba mai kai shi ko'ina, kuma can cikin ransa wata murya na cewa, in ƙaramar ta ɗaga wuyan hannu, me babbar za ta yi? Ya zauna ya bar su.

Mas'udu ya ɗaure faifan ta cikin hannun, inda ya ga nama ya fi, ya murɗa har ƙarshe. Hannun ya ƙanƙame, yatsun suka ƙara nutsewa cikin tafi, kafaɗar na karkarwa.

"Ka ga ƙarfi!" in ji Mas'udu. "Mai motar ya ce in ana so ta yi sauri, a ba ta wuta sosai."

Fatar wannan hannun ba ta ji sosai tun faɗuwar, don haka Halilu bai san abin da ke faruwa ba. Safe da yamma ake yi, kwana da kwanaki, Mas'udu na shafa mai yana naɗe wurin da tsumma. Sa'a ce ta kwance tsumman za ta wanke mashi hannu, sai ta saki salati. Fatar ta biyo tsumman. Gyambo biyu ne jajaye, zagayayyu daidai girman faifan, suna ruwa. Farcen ya huda tafin. Halilu ya tattara hankalinsa ya ce wa wuyan hannun ya ɗago, kamar yadda ya yi a Tasawa. Ko motsi.

Ya tashi. Ya sa na'urar a hammatar hagu, ya ja ƙafa ba sanda har maƙera. Mutane na zaune suna jiran aiki. Ya ture ƙarfen da Mas'udu ke bugu, ya ɗora jar na'urar kan uwar maƙera, ya fizge masabar daga hannun ƙanen. Bugun farko ya kauce don hagu ce. Na biyu ya same ta a tsakiya. Ya yi ta bugu har ba abin da ya rage sai waya da ɓaraguzai, sannan ya juya ya tura wa Mas'udu gyambon a fuska.

"Duba! Duba aikinka! Kun zauna a zauren da na gina kun yanke shawara a kaina kamar tunkiyar da za a kai kasuwa. Hannuna ne ya mutu, ba kaina ba. Wa ya tambaye ni? A cikinku wa ya taɓa zuwa ya ga inda yarinyar nan take manna abin? Abin da na tara da gumina kun ƙone shi cikin 'yan kwanaki!"

Mas'udu ya yi tsaye, idonsa ya kaɗa. Bai taɓa mayar wa wansa magana ba, amma ranar ya mayar.

"Na yi kuskure, Yaya, ban musa ba. Amma tun da ka faɗi wa ka ce wa sannu? Ni ne wuta, ni ne masaba, ni ne kasuwa. Gonar Zubairu ciyawa ta cinye. Matarka har ta rame. Kullum zagi, kullum tsawa. Mun gaji ne muka nemi sauƙi, ba mugunta muka nufa ba."

"To ku huta."

Ya jefar da masabar, ya bi hanyar da ta fita gari. Masu jira suka bi shi da ido, ba wanda ya iya tare shi. Rairayin ya jiƙe, ƙafar dama na jan layi a bayansa. Ya faɗi, ya dafa ƙasa da hagu ya tashi, ya ci gaba. Wani mai amalanke da ake kira Na Allah ya cim mashi can bayan gonaki, ya dube shi, ya dubi hannun, ya tsayar da jakinsa ba tare da wata tambaya ba. Shi ya kai shi bakin babbar hanya, ya tsaya har ya ga ya shiga mota.

Bayan azahar ya isa wajen Najiba, laka har gwiwa. Ta kwance ƙyallen da ya naɗa, ta duba gyambon. Da ya gaya mata abin da aka yi, ta buga tebur har kofin roba ya faɗi.

"Ta ciki suka sa? Naman da ke dunƙule hannun suka ƙara wa ƙarfi! Kuma a fatar da ba ta ji! Kai kuma, Baba, kana zaune kana kallo? Kai da ka san wuta?"

"Kunna taki kawai."

"Ba zan kunna ba. Ba a sa kuran a hannun da ke da gyambo. Sai ya warke."

"Na taho tun daga Sarkin Hausa ina jan ƙafa ki ce mani ba za ki kunna ba?"

"Ko daga Agadas ka taho."

Ya miƙe zai fita, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya koma ya zauna da ƙarfi. Ta ɗauko ruwan magani ta shiga wanke gyambon. Ya juyo ya dube ta.

"'Yar nan, kowa ƙarya yake mani. Ke gaya mani. Zan sake riƙe masaba da shi?"

Ba ta ɗago ba. "Ban ga alama ba, Baba. Bugu yana son sauri da saiti, wannan da wuya su dawo. Amma ya buɗe, ya kama, ya saki, ka ci tuwo da shi, wannan ina sa rai, in ka yi aiki. Alkawari ne ba zan yi maka ba."

Maganar ta dake shi fiye da faɗuwar. Ya ji kamar ya kifar da teburin da ita da na'urarta. Amma ya tambaya, an kuma ba shi amsa, shi da kansa, ba a juya an gaya wa wani ba.

Ana cikin naɗe hannun sai ga Sa'a ta faɗo ɗakin, Zubairu na bayanta. Mayafinta duk laka. Matar da ba ta taɓa ɗaga mashi murya ba ta tsaya a kansa tana haki.

"Malam, ka kyauta! Mun duba rijiya, mun duba gonaki, ina kuka kamar mahaukaciya, sai da Na Allah ya ce ya ga ka shiga motar Tasawa. Kai kaɗai ke da zuciya? Ni da nake wanke ka, nake kwashe abin da ka zubar, ka taɓa tambayata yaya na kwana? Na yi shiru a kan na'urar nan don na gaji, ka ji gaskiya. Amma in ka sake fita haka, wallahi ba zan biyo ka ba."

Najiba ce ta raba, ta ce in dai tafiyar ce matsala, a nemi inda Halilu zai zauna a Tasawa har a gama noma. Wannan karon shi aka tambaya. Ya ce to. Sa'a na da 'yar'uwa a garin, Habsatu, can suka sauka, Zubairu ya koma gona.

Gyambon ya ci makonni kafin ya rufe. Kafin nan Najiba ta koya wa Sa'a yadda ake jan hannun da ware yatsun, suna yi suna faɗa, ita ta ce ya saki jiki, shi ya ce tana ja kamar za ta cire. Da aka koma kan na'urar, daga farko aka sake. Wuyan hannun bai ɗago ba sai da gero ya fitar da kai. Yatsun kuwa sai bayan girbi suka fara warewa da kansu, rabi-rabi, babban yatsa na jan baya.

Da ya koma gida ya shiga maƙera, ya sa awartaki a hannun dama, masaba a hagu. Damƙar tana nan da ƙarfinta, sai dai in zai saki ƙarfe sai ya tsaya ya yi wa hannun magana. Hauyoyin farko karkatattu suka fito, ya mayar da su wuta yana tsaki. Mas'udu na zuga mashi, amma maganarsu ba ta wuce ta aiki.

Ran nan Mas'udu na ɗaure kaya zai tafi Gidan Amumune, Halilu ya ce, "Da ni za a."

Mai motar yana nan kusa da 'yan dabbobi, lasifika na tashi, jajayen na'urori jere a kan tabarma. Halilu ya kutsa har gaba, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga hannun dama sama iyakar inda kafaɗar ta yarda. Tabo biyu suka fito fili, zagayayyu, masu sheƙi.

"Jama'a, ku duba! Abin nan ne ya yi mani wannan!"

Mai motar ya ce bai taɓa ganinsa ba. Mas'udu ya matso ya ce, "Ni ka sani. Ni ka ce wa in ba ta wuta sosai." Mai motar ya ƙara ƙarar lasifika. Bai san ƙarfin muryar Halilu ba. Maƙerin ya yi ta faɗa har masu awaki suka bar ciniki suka taho, kafaɗar na zogi, hannun na rawa, ya ƙi sauke shi. Wata mata ta mayar da kwalin da ta ɗauka. Wani dattijo ya ja shi gefe yana tambayar ina ne wajen kine ɗin, don matarsa na kwance. Amma a kan idonsa wasu mutum biyu suka saya suka tafi, ɗaya har yana cewa maƙerin ne bai iya amfani da ita ba.

Kafin la'asar mai motar ya naɗe tabarmarsa ya tayar. Halilu ya bi motar da ido, ransa na tafasa.

"Gobe wace kasuwa ke ci?" ya tambayi Mas'udu.

"Sai dai can wajen Issawane, Yaya. Da nisa, kuma hanyar rairayi ce."

"Ka gaya wa Zubairu ya zuba esansi."